Gareji Mai Zafi Ko Wani Wurin: Ina Ya Fi Dacewa A Ajiye Tsohon Injin Wanki?

Duk wanda ya kamu da son tsofaffin injinan wanki ya san yadda abin ke farawa. Guda ɗaya ne da fari, wanda aka gada ko aka ceto ana shirin kai shi bola. Kafin a ankara sun zama uku, alhali wurin wankin gida inji ɗaya kawai yake ɗauka. Sauran sai gareji, garejin da in rana ta take mutum ba ya minti goma a ciki sai gumi ya jiƙa shi sharkaf. Daga nan zulumi ke shiga. Zafin nan zai kashe su ne? A kashe kuɗi a gyara garejin, ko a sauke su ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko a kama hayar wurin ajiya, ko a bar su inda suke?

Bari in faɗi matsayina tun yanzu. Zafi yana tsufar da inji, amma sannu a hankali. Abin da ke kashe shi da wuri ruwa ne, sai ɓera. Wanda ya kwashe injinsa daga gareji mai zafi amma busasshe ya kai shi ɗaki mai sanyi mai laima, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Wane irin inji ne a hannunka?

Ba duka suke jure wahala iri ɗaya ba. Akwai mai mamatsi a sama, wato sanduna biyu masu rufin roba da ake tura kaya tsakaninsu su matse ruwa. Kamfanin Maytag na Amurka bai daina ƙera irin wannan ba sai 1983, kuma su ne suka fi kowa taurin rai: baho, moto, giyabos, bel ɗaya, shi ke nan. Akwai mai sarrafa kansa, wanda kamfanin Bendix ya fara fitarwa kasuwa a 1937, sannan ya cika gidaje daga shekarun 1950. Wannan cikinsa cike yake da tiyo, bawul, famfo, sil (zoben roba mai hana ruwa ko mai yoyo) da taima (na'urar da ke tsara lokacin kowane matakin wanki). Akwai mai baho biyu irin Hoovermatic da ya yi tashe a Ingila, mai sauƙin nauyi da robobi da yawa. Sai na baya-bayan nan masu allon lantarki a ka. Gwargwadon yawan roba da filastik da kayan lantarki a jikin inji, gwargwadon yadda zafi zai dame shi.

In na ce roba a nan, mai taushi nake nufi, mai talewa ta koma, irin ta tiyo da bel. Mai tauri ta maɓallai da murafu zan kira ta filastik, don ba halinsu ɗaya ba.

Ma'aunan da za a ɗora kowane wuri a kai

Na farko zafi. Ƙarfen inji bai san ana yi ba. An ƙera shi ya sha ruwa mai digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, na Turai da yawa ma har kusan tafasa ruwan suke yi. Rufin tangaran ɗin da ke jikin baho a wuta mai kusan digiri 800 aka gasa shi. Wayoyin cikin moto galibi an yi su su jure sama da digiri 100. To me digiri 45 na gareji zai yi musu? Matsalar tana wurin roba. Iska tana cin roba ko da an ajiye ta ba a taɓa ba, zafi kuma yana hanzarta cin. Masana sinadarai suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi: ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin irin wannan lalacewa. Ke nan tiyon da ke zaune a digiri 40 yana tsufa kusan ninki huɗu a kan wanda ke digiri 20. Shi ya sa ƙa'idar duniya ta ajiyar kayan roba, ISO 2230, ta ce a ajiye su ƙasa da digiri 25, nesa da hasken rana. Wannan ƙiyasin ya kuma shafi kafasita, 'yar na'urar da ke tara cajin lantarki, irin mai ruwan sinadari a ciki, wadda zafi ke busarwa. Giris ma yana rabuwa, mansa ya tsiyaye ya bar dunƙule mai tauri a cikin boris. Filastik na shekarun baya yakan yi rawaya ya riƙa karyewa kamar busasshen kara, musamman in rana na dukansa ta taga.

Amma a lura da abu ɗaya. Garejin da ke kai digiri 45 da azahar ba haka yake kwana ba, kuma ba haka yake duk shekara ba. Jimillar zafin da roba ta sha a wata goma sha biyu ake dubawa, ba ranar da ta fi kowace muni ba.

Na biyu danshi, kuma shi ne babban alƙali. Tsatsa takan kama ƙarfe gadan-gadan idan danshin iska ya wuce kusan kashi 60 cikin ɗari, funfuna kuma ba ta da nisa daga nan. Mafi sharri ita ce raɓa. Giyabos da baho ƙarfe ne mai kauri, sukan yi sanyi da dare su daɗe ba su ɗumama ba. Da safe a buɗe ƙofa, iska mai ɗumi mai laima ta shigo ta taɓa ƙarfen, sai gumi ya keto masa a wuraren da tsumma ba ya kaiwa: ƙarƙashin baho, cikin taima, bakin wayoyi. Yau da gobe, ƙasan inji ya rube. Wanda ke shakkar cewa busasshen zafi ya fi laima sauƙi ya dubi inda sojojin saman Amurka ke jibge jiragen da suka daina aiki, sansanin Davis-Monthan a Tucson ta jihar Arizona. Hamada suka zaɓa da gangan. Sai dai su ma sukan toshe kofofin jirgin su shafe gilasansa da farin rufi don rage zafin ciki, wanda ke nuna ba su raina ranar ba.

Na uku sanyi mai daskarar da ruwa, ga masu zama inda ake yinsa. Ruwa in ya zama ƙanƙara yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma ɗan kofi ɗaya da ya maƙale a famfo ko bawul ya isa ya tsaga shi a dare ɗaya. Garejin da ke ƙuna da rani sau da yawa shi ne ke daskarewa da hunturu, don rashin abin tare zafin ne ya jawo duka biyun.

Na huɗu ɓeraye da ƙwari. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Cikin injin wanki ɗaki ne shiryayye ga ɓera: duhu, ɗumi, babu mai damu. Zai gaigaye waya, ya yi sheƙa a bayan taima, fitsarinsa kuma yana cin fenti da ƙarfe. Ɓarnar da zafi zai shekara goma yana yi, uwar ɓera da 'ya'yanta za su gama ta a wata biyu.

Na biyar sauƙin kaiwa gare shi. Zama ma cuta ce ga inji. Sil yakan manne da sandar da yake riƙe, famfo ya cije, bel ya sandare a siffar da aka bar shi. Wurin da za ka iya leƙawa ka juya abubuwa da hannu ya fi wurin da sai ka yi shiri kafin ka je. Sai kuɗi, na farko da na wata-wata, da kuma haɗari ga mutanen gida.

Gareji yadda yake, ba gyara

Kuɗi babu, wahala babu, injin yana kusa. Ƙofa mai faɗi, daɓe a miƙe, ba matakala. Ga abin da nauyinsa kan kai kilo 100, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙarko kuwa ya danganta da yanayin wurin. Inda iska ke bushe, jikin inji zai iya shekaru ba tabon tsatsa, robobi ne kawai za su riƙa tauri suna tsattsagewa. Inda zafi ke tafe da laima, an haɗa masifa biyu, kuma a ganina wannan ne wuri na biyu mafi muni a duk jerin. Daɓen siminti ma yana tsotso laima daga ƙasa, shi ya sa ƙafafu da gindin inji ke fara ruɓewa.

Akwai kuma maƙwabtan da inji ke samu a gareji. Motar da ta shigo a jiƙe tana huci tana kawo ruwa da zafi tare, a ƙasashe masu dusar ƙanƙara har da gishirin titi. Tururin fetur da na tina, ruwan tsinka fenti, yana lalata roba. Injin walda da na'urori masu tartsatsin wuta suna haifar da iskar ozon, ita ce ke sa roba ta yi ƙananan tsagu kamar kaushi. Buhun takin zamani ko garin kulorin da aka jingine a gefe kan sa ƙarfen da ke kusa ya yi tsatsa ko ba ruwa. Ƙarƙashin ƙofar gareji kuma hanya ce ga ɓera. In da yara a gida, a tuna mamatsi yana kama hannu, inji mai ƙofa a gaba kuma yaro na iya shiga ciki. A cire filogi a naɗe wayar.

Garejin da aka gyara

Nan zan ɗan daɗe, don nan yawancin mutane za su ƙare, kuma nan aka fi yin kuskure.

Mafi yawan zafin gareji daga rufi yake saukowa. Rufin kwano mai duhu yakan wuce digiri 60 a tsakar rana, ya riƙa gasa duk abin da ke ƙarƙashinsa. Saboda haka kuɗin farko rufi ya kamata ya ci: silin mai abin tare zafi, ko farin fenti a saman kwanon, ko duka biyun. Sai ƙofa in tana kallon yamma. Sai labule mai kauri a taga. Waɗannan sau ɗaya ake biya, ba su cin wuta, kuma suna rage raɓa ma, don wurin ba ya saurin zafi ba ya saurin sanyi. Ɗora inji kan katako ya bar ƙasa da kamar tafin hannu ɗaya kusan kyauta ne. A matsar da shi daga bangon da rana ke duka.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma dole a zaɓi ɗaya. Ko dai a buɗe wa iska hanya, ƙofar shiga a ƙasa, ta fita a sama, da fanka mai zuƙo zafi waje. Ko kuma a toshe ko'ina a kunna na'urar tsotse danshi. Wanda ya haɗa su yana ƙoƙarin busar da iskar duniya ne da kuɗin wutarsa. Inda iskar waje ke bushe, a buɗe. Inda take da laima, a rufe a tsotse. Na'urar tsotse danshi tana ƙara ɗan ɗumi a ɗaki, tana buƙatar tiyon da zai fitar da ruwanta waje don kada bokitinta ya cika ta tsaya, kuma irin mai kwamfireso ba ta aiki sosai in wuri ya yi sanyi. Na'urar sanyaya ɗaki tana maganin zafi da danshi tare, amma a garejin da ba a tare zafinsa ba zuba ruwa a rariya ne.

Kafin a sayi ko ɗaya daga ciki, a sayi ɗan ma'aunin zafi da danshi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa. Abu ne mai araha. A ajiye shi kan injin, a riƙa rubuta abin da ya nuna na 'yan makonni a lokacin zafi da lokacin ruwa. Da yawa za su tarar garejin da suke tsoro bai kai yadda suke zato ba, wasu kuma za su tarar danshi ne matsalarsu ba zafi ba.

Haɗarin wannan zaɓi shi ne gyaran ya zama wankin hula ya kai mutum dare, a fara da silin a ƙare da sake wayarin. Amma kuɗin a gidanka ya zauna, ba a aljihun mai haya ba.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa

Ga roba, wannan aljanna ce: sanyi daidai, duhu, ba hawa da sauka tsakanin dare da rana. Sau da yawa akwai famfon ruwa da magudana, ke nan za ka iya kunna injin ya yi wanki na gaske. Dubban injinan nan a irin wannan ɗaki suka yi rayuwarsu.

Kuma shi ya sa dubbansu gindinsu ya cinye. Iska mai ɗumi in ta sauka ƙasa ta yi sanyi, danshinta hawa yake yi, don haka irin ɗakin nan ya fi laima daidai lokacin da waje ya fi zafi. Ba na ba da shawararsa sai da na'urar tsotse danshi mai aiki kullum. Sai ambaliya. Bututu ya fashe, ko magudana ta yi amai, ko ruwan sama ya yi yawa, kuma moton yawancin injinan a ƙasa yake, ruwa ko bai kai gwiwa ba, zai cim masa. A ɗora shi kan bulo, ba katako kaɗai ba. Matakala ma abin tsoro ce: saukar da kilo 100 aikin mutum biyu ne ko uku da amalanken ɗaukar kaya mai ɗamara, kuma duk abin da ya sauka wata rana sai ya hau.

Ɗaki a cikin gida

Ba dogon bayani. Inda mutum ke jin daɗin zama, inji ma yana jin daɗi. Zafi daidai, danshi daidai, ɓera in ya shigo za a gani. Ba ka biyan komai sai fili, sai kuma haƙurin waɗanda kuke zaune tare, wanda wani lokaci ya fi kuɗin haya tsada. A sa faranti a ƙarƙashi saboda ɗigon man giyabos. Inji ɗaya ko biyu ne iyakarsa a yawancin gidaje.

Wurin ajiya na haya

Iri biyu ne. Wanda ba a sanyayawa gareji ne kawai na wani, mai rufin kwano, kuma kana biya. Ban ga ribarsa ba sai ga wanda ba shi da fili sam. Wanda ake daidaita yanayinsa kuwa yana kare roba da filastik sosai. Amma a yi tambaya dalla-dalla: zafi kaɗai suke daidaitawa ko har da danshi? Ba duka ke yin na biyun ba.

Damuwata da shi lissafi ce. Haya ba ta barci. Yawancin tsofaffin injinan wanki darajarsu a zuciyar mai su take, ba a kasuwa ba, kuma cikin shekara ɗaya ko biyu abin da aka biya na iya wuce abin da injin zai yi in an sayar. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba ke nan. Babu ruwa, galibi babu soket, ba za ka kunna shi ba. Ba a yarda da fetur a ciki, abin da ya shafi masu tsofaffin Maytag ɗin nan masu ɗan injin fetur da aka yi don gidajen da ba lantarki. Ba ka san abin da maƙwabcin ɗakinka ya ajiye ba, wataƙila abin da ke kiran ɓera ne. A wurare da yawa kuma, in biya ya tsaya na wani lokaci, doka ta ba mai wurin damar yin gwanjon kayan. Abin da ido ba ya gani, mantawa ake yi da shi.

Kwantena ko rumfar kwano a waje

Wannan ne na ƙarshe a jerina. Kwantena a rana tanda ce, ta fi gareji zafi nesa ba kusa ba. Da dare kuma rufinta ya yi sanyi, laimar da ke kulle a ciki ta taru a sama ta riƙa ɗiga kan kaya kamar yayyafi. Alherinta biyu: ɓarawo yana shan wuya, ɓera ma haka in robar ƙofar tana da kyau. Rumfar kwano ko wannan ba ta da shi. In ba makawa, a sa ta a inuwa ko a yi mata rufi na biyu da tazara a sama, a shafa farin fenti, a huda mata mashigar iska mai raga. Barin inji a fili a lulluɓe da tamfol kuwa ba ajiya ba ce, jinkirta kai shi bola ne.

| Wuri | Zafi | Danshi | Ɓera | Kaiwa gare shi | Kuɗi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Gareji ba gyara | Mai yawa | Ya danganta da yanayi | Yana shiga | Sauƙi ƙwarai | Babu | Roba ta bushe, raɓa, daskarewa |
| Gareji gyararre | Matsakaici | Ana iya sarrafawa | Ana iya tarewa | Sauƙi ƙwarai | Sau ɗaya, da ɗan kuɗin wuta | Gyaran da ba ya ƙarewa |
| Ƙarƙashin ƙasa | Kaɗan | Mai yawa | Jefi-jefi | Matakala | Kuɗin wuta kullum | Ambaliya, tsatsa |
| Cikin gida | Kaɗan | Kaɗan | Da wuya | Sauƙi | Fili | Ɗigon mai, ƙorafin iyali |
| Haya mai sanyi | Kaɗan | Sai an tambaya | Ba a hannunka yake ba | Sai an yi tafiya | Kowane wata | Haya ta wuce darajar inji |
| Kwantena | Mafi yawa | Raɓa daga rufi | Da wuya | Matsakaici | Mai yawa da fari | Gasuwa da ɗigon ruwa |

Shirin da ke canza lissafin

Teburin nan bai nuna abu ɗaya ba: injin da aka shirya da kyau a gareji mai zafi zai fi wanda aka tura ɗaki mai tsada da ruwa a cikinsa daɗewa. Ko an ga baho ya bushe, akwai ruwa a famfo, a tiyon ƙasa, a bawul, da tsakanin baho na ciki da na waje. A wanke sauran sabulu tukuna, don yana riƙe laima yana cin alminiyom. A kwantar da tiyon fitar da ruwa ƙasa, a ɗan karkata injin, a bar murfi a buɗe kwanaki da fanka na hura shi. Inda ake daskarewa, masu abin sukan zuba wa famfo ɗan ruwan hana daskarewa marar guba, irin wanda ake sa wa bututun ruwan sha na motocin da ake kwana a cikinsu kamar gida, ba na lagireton mota ba.

Mai mamatsi a saki matsinsa, sandunan biyu su rabu, in ba haka ba za su manne ko su yi shafaffen gefe. A sassauta bel. Kada a kwantar da inji a gefensa, giyabos ɗin wasu yana da hudar numfashi da mai zai bi ya zube. A goge fenti da ƙarfe mai ƙyalli da kakin goge mota. Kada a shafa wa roba baƙin mai ko man shafawa irin basilin, kumbura take yi ta narke. Giris na silikon ne nata. A toshe bakin tiyo da manyan kofofin ƙasa da ragar ƙarfe. A rufa da tsohon zanen gado na auduga, ba leda ba, leda tana kulle gumi a jikin ƙarfe. Murfi a bar shi da ɗan tsaga.

Akwai wata dabara da ke raba gardama, wato raba inji biyu. Gangar jikin, wadda zafi bai dame ta ba, ta zauna a gareji. Abin da ke tsoron zafi kuma yake ciruwa cikin sauƙi, bel, sandunan mamatsi, maɓallai, tiyon da ba a samun irinsa, takardun injin, a sa su a kwali a kai cikin gida wuri mai duhu. A ɗauki hoto kafin a kwance komai, a rubuta suna a jikin kowane. Sai dai tiyon da ya riga ya sandare a ƙyale shi, wajen cirewa zai karye. Sil ɗin da ke can cikin ciki ma ba ya ciruwa sai an wargaza injin, shi dai sai haƙuri.

Batun kunna shi lokaci-lokaci ana saɓani a kai. Masu cewa a kunna suna da gaskiya, motsi yana hana sil mannewa. Amma duk kunnawa mayar da ruwa ciki ne, sai an sake busarwa daga farko. Ni dai ina ganin in ba za ka iya busarwar ba, bar shi a bushe, ka riƙa juya fuli, wato faifan da bel ke hawa, da famfo da hannu duk bayan wata biyu ko uku. Ranar da za a tashe shi bayan doguwar ajiya, a duba wayoyi tukuna, don rufin tsohuwar waya yakan farfashe, kuma da yawa cikin injinan nan ba su da wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta. A zuba ruwan ɗumi a baho ya ɗan jima kafin a kunna, sil ya yi laushi.

Wa ya dace da wanne

Mai inji mai mamatsi, ko wanda ake samun bel da tiyonsa har yanzu, kuma yana zaune inda iska ke bushe: gareji ya ishe shi. Katako a ƙasa, zane a sama, raga a kofofi.

Mai injina uku zuwa sama da ke son ya riƙa taɓa su a ƙarshen mako ya gyara garejin, ya fara da rufi. In wurinsa mai laima ne, ya toshe ya sa na'urar tsotse danshi, kada ya ɓata kuɗi kan fanka.

Wanda ke da guda ɗaya da ba kasafai ake samun irinsa ba, mai robar ƙofa ko wani sil da aka daina yi tun tuni, ya nema masa kusurwa a cikin gida ko da za a yi 'yar muhawara. Robar nan in ta tsage, injin ya zama abin kallo kawai. Haka ma mai allon lantarki a ka.

Mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa da bai taɓa shan ruwa ba, kuma yana son injin ya riƙa wanki, ya sauke shi can, kan bulo, da ma'aunin danshi a kusa.

Wanda ke tsakanin gida biyu, ko ake gyaran gidansa na 'yan watanni, haya mai sanyi ta dace da shi, muddin ya sa ranar kwashewa tun ranar da ya kai.

Wanda ya sayi inji don ya ciri kayan gyara a jikinsa kuwa, ya cire taima da bawul da famfo da duk wata roba mai rai ya shigar da su gida, gangar jikin ta tafi kwantena ko rumfa.